Yadda Ake Gane Cutar Sistik Faibrosis da Yadda Ake Kula da Mai Ita

Duk wanda ya san yadda ake gadon sikila ya riga ya fahimci rabin wannan cuta, domin hanyar gadonsu ɗaya ce. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar halitta, alhali su kansu lafiyarsu ƙalau, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai cutar. Ƙwayar halittar da ake magana a kai ita ce CFTR, wadda masana suka gano a shekarar 1989, kuma aikinta shi ne daidaita shige da ficen gishiri da ruwa a jiki. Idan ta samu tawaya, majinar da ya kamata ta zama mai ruwa-ruwa sai ta yi kauri da danƙo, ta riƙa toshe hanyoyi.

Matakin farko shi ne lura da huhu. Majinar tana maƙalewa a hanyoyin numfashi, ƙwayoyin cuta su samu mafaka a cikinta, yaro ya yi ta tari mai kaki da ciwon ƙirji wanda ke lafawa ya sake dawowa, kuma kowace dawowa tana barin tabo a huhu.

Sai kuma cikinsa. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ake kira fankiriyas, wadda ke fitar da sinadaran narkar da abinci zuwa hanji. Idan majina ta toshe hanyarta, maiƙo yana wucewa bai narke ba, shi ya sa za a ga yaro yana ci sosai amma ba ya ƙiba, bayan gidansa kuma yana da yawa, da maiƙo da wari. Wasu jarirai ma tun ranar haihuwa kashinsu na farko ke toshe musu hanji. Alamar da iyaye mata suka fi saurin kamawa ita ce ɗanɗanon gishiri a fatar yaro idan sun sumbace shi.

Cutar ta fi yawa a tsakanin Turawa, kuma wannan ne ke sa ba a cika tuna ta a wajenmu ba, sai a yi ta ba yaro maganin tarin fuka ko asma ko tamowa ba tare da sauƙi ba. A ganina, idan waɗannan alamu suka haɗu, haƙƙin iyaye ne su nemi likitan yara a babban asibiti, su tambaye shi gwajin gumi. A gwajin ana auna sinadarin kulorayid, wato wani ɓangare na gishiri, da ke cikin zufa, kuma idan ya kai 60 a ma'aunin da ake amfani da shi, zato ya yi ƙarfi, sai a tabbatar da gwajin ƙwayar halitta.

Kulawar kuwa aiki ne na kullum. Ana bubbuga ƙirji da bayan yaro yadda ma'aikacin lafiya ya koyar domin kakin ya fito, ana ba shi ƙwayoyin narkar da abinci tare da kowane ci, da abinci mai maiƙo da gina jiki, da bitamin A, D, E da K. A lokacin bazara yana buƙatar ƙarin ruwa da gishiri bisa shawarar likita, saboda abin da yake zubarwa a gumi ya fi na sauran yara. A nisanta shi da hayaƙin itace da na sigari, a cika masa allurar riga-kafi, kuma kada a haɗa masu cutar biyu kusa da juna, domin suna iya yaɗa wa juna ƙwayoyin cuta masu wuyar magani.

Har yanzu ba a samu maganin da ke raba mutum da ita ba, amma a shekarar 2019 Amurka ta amince da Trikafta, maganin da ke gyara aikin sinadarin da ƙwayar halittar CFTR ke samarwa, wanda ya samu tawaya, a jikin mafi yawan masu cutar. Tsadarsa ta sa har yau bai isa hannun yawancin iyalai a Afirka ba.