Wa ke bin Gwandu, wa ke bin Sakkwato? Kurakuran da aka fi yi wajen lissafa masarautun Daular Usmaniyya

Kwanakin baya ƙanena da ke sakandare ya kawo min aikin gida in duba masa, an ce su lissafa masarautun da ke ƙarƙashin daular Shehu Usmanu. Ya ɗauko wata taswira daga intanet ya firinta, an shafa mata koren launi guda tun daga Dori har Ngaundare, babu ko ɗigon fari a tsakiya, Argungu kore, Gumel kore, Damagaram kore, Maraɗi ma kore. Wallahi abin ya dame ni, don irin taswirar nan ce ake ta yawo da ita a Facebook da gurof-gurof na WhatsApp, manya ma suna turawa, yaro kuwa abin da ya gani shi zai rubuta a jarrabawa.

To 'yan uwa, kafin mu shiga sunaye ga ma'aunin da nake amfani da shi, tambaya uku ce kawai. Wa ya naɗa sarkin ko ya tabbatar da naɗinsa? Ina yake kai gaisuwa duk shekara? Sannan a wace shekara ake magana? Kusancin gari a taswira ba hujja ba ne, kasancewar mutanen gari Musulmi ko Hausawa shi ma ba hujja ba ne.

Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne zaton cewa duk sarakuna Sakkwato suke bi kai tsaye. Daular nan ƙofa biyu gare ta. A 1812, lokacin Shehu yana zaune a Sifawa, ya raba kula da ƙasa, yamma ya danƙa wa ƙaninsa Malam Abdullahi, gabas ya ba ɗansa Muhammadu Bello. Wasu na rubuta cewa bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi rabon saboda saɓani, ba haka ba ne, Shehu da ransa ya yi abinsa. Saɓanin ya zo daga baya da aka yi wa Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya koma Gwandu da zama (kafin nan a Boɗinga yake), kuma aka ɗinke ɓarakar a yaƙin Kalambaina da Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. Daga nan tsarin ya zauna, Sarkin Musulmi shi ne uban kowa, amma naɗin sarakunan yamma da gaisuwarsu da sasanta rigimarsu aikin Gwandu ne.

A nan ma akwai wani ruɗani na suna, Abdussalami biyu ne. Akwai Abdussalami almajirin Shehu wanda ya yi wa Bello tawaye a Kware, ragowar mutanensa ne suka taru a Kalambaina. Akwai kuma Abdussalami ɗan Shehu Alimi, sarkin Ilori na farko. Na sha ganin an haɗe su an yi mutum guda, don Allah a kula.

Idan aka ce a lissafa na Gwandu yawanci za ka ji an ce Nupe da Ilori sai a yi shiru, alhali rabin labarin yana wajen Najeriya ta yau. Say da ke bakin Kwara a jamhuriyar Nijar, garin Alfa Mahaman Jobbo, tana ciki, haka Torodi da Birnin Ngaure da Tamkala, ka ƙara gaba ka shiga Burkina Faso ka tarar da Liptako mai hedikwata a Dori da kuma Yaga mai hedikwata a Sebba. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya bi hanyar a 1853 ta Gwandu ya biyo, sannan Say, sannan Dori. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ce ta sa muke mantawa da su, don littattafan makaranta a bakin boda suke tsayawa.

A kudu kuwa ban da Bida da Ilori akwai Agaie da Lapai da Lafiagi da Shonga. Kuma a daina cewa Bida ce hedikwatar Nupe tun farkon jihadi, Malam Dendo, jagoran jihadi a ƙasar Nupe, a Raba ya zauna, can ya rasu a 1833, sai wajen 1857 'ya'yansa suka kafu a Bida bayan doguwar rigima tsakanin Usman Zaki da Masaba, wadda Sarkin Gwandu Halilu ne ya riƙa shiga tsakani, ba Sakkwato ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wa ke da Nupe. Pategi kuma mutane na jefa ta cikin jerin don sun ga ƙasar Nupe ce, amma kamfanin Turawa na Neja ne ya kafa sarautarta bayan ya ci Bida a 1897, ya zaunar da jikokin tsohon gidan sarautar Nupe a can. Ba tutar jihadi ba ce. Yawuri kuwa tana bin Gwandu ne bisa amana, sarakunanta na asali suka ci gaba da mulkinsu suna kai gaisuwa, ba a tumɓuke gidan an ɗora wani ba.

Kwantagora ita ce ke kayar da kusan kowa, har waɗanda suka karanta tarihi. Ka duba taswira ka gan ta zaune tsakanin Yawuri da Nupe, sai zuciyarka ta ce ai wannan ta Gwandu ce. Ina! Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu, kuma ɗan uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ne ya ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, wadda sarakunan Kwantagora ke riƙe da ita har gobe. Naɗi daga Sakkwato, biyayya ga Sakkwato, duk da tana cikin maƙwabtan Gwandu. Kuma ka lura da shekarar, shekara 42 bayan rasuwar Shehu, saboda haka mai sa ta cikin waɗanda Shehu ya ba tuta ya yi kuskure.

Yanzu Argungu, nan ne na fi jin zafin kuskuren, don ina ganin rashin adalci ne ga ɓangarorin biyu. Gaskiya ne Malam Abdullahi ya ci Birnin Kabi a 1805, kuma gaskiya ne akwai shekarun da aka danne Kabawa. Amma a 1849 Yakubu Nabame ya tayar da tutar Kabi a Argungu, Zabarmawan Dosso da Arawa da mutanen Dandi suka mara masa baya, yaƙin nan ya toshe wa Gwandu hanyarta ta zuwa yamma, ya ci Sarkin Gwandu Haliru a fagen daga a 1860, shi ya sa magajinsa Aliyu ya koma Ambursa da zama don ya fuskanci Kabawa. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga, na zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amincewa ce da cewa Argungu gashin kanta take ci, bayan ya warware kuma Sarkin Kabi Sama ya ci gaba da fafatawa har Turawa suka iso. Ko bikin kamun kifin da muke alfahari da shi, asalin shahararsa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu ce a 1934, don a binne tsohuwar gaba. Na taɓa zama kusa da wani dattijo Bakabe a mota daga Birnin Kabi, wani matashi ya ce ai duk yankin nan ƙasar Gwandu ce tun fil azal, dattijon bai ɗaga murya ba, hularsa kawai ya gyara ya shiga jero masa garuruwan da aka gwabza ɗaya bayan ɗaya har muka iso tasha. Mutanen da kakanninsu suka yi shekara hamsin suna kare garinsu ba za ka goge su da koren fenti ba, haka kuma waɗanda suka rasa sarki a wannan yaƙi ba ka girmama su ba in ka ce babu yaƙin.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne Sarkin Gwandu a Birnin Kabi fadarsa take, mai sarautar Sarkin Kabi kuma yana Argungu. Komawar fadar Gwandu Birnin Kabi abin zamanin Turawa ne, 1906. Jihar Kebbi kuwa 1991 aka ƙirƙiro ta, da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, wannan tsarin gwamnati ne na yau, kada a ɗauke shi a maida ƙarni na 19. Haka ma lardunan Turawa, don ka ga an ce Lardin Sakkwato ya ƙunshi Argungu ba yana nufin Sarkin Kabi ya taɓa kai gaisuwa a zamanin Sama ba.

A gabas jerin ya fi sauƙi, Kano, Katsina, Zazzau, Daura, Bauchi, Gombe, Adamawa, Katagum, Haɗeja, Misau, Jama'are, Kazaure, Muri, ga kuma ƙasar Zamfara kusa da gida. Waɗanda ake cusowa ba bisa ƙa'ida ba su ne Gumel da Damagaram, su biyun nan Barno suke bi, Barno kuwa ba ta taɓa shiga daular ba, wasiƙun muhawara da Shehu Laminu na Barno ya yi ta musaya da Bello sun isa shaida. Maraɗi mazaunin sarakunan Katsina ne da aka kora, Tsibiri ta Gobirawa, Abuja ta dā wato Suleja ta yau ta sarakunan Zazzau ce da suka yi kudu, Ningi kuma a duwatsunta ta tsaya tana kai wa Kano da Bauchi hari. Duk waɗannan abokan karawa ne.

Sai kuskuren jera kowa sahu ɗaya. Keffi da Nasarawa da Jama'a Zazzau suke bi, Zazzau ce ke bin Sakkwato. Wase da Lafiya ta hannun Bauchi suke. Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo da Rai, waɗanda yau suke Kamaru, lamiɓensu, wato sarakunansu, Yola hedikwatar Adamawa suke kallo. Muri ma da fari ƙarƙashin Gombe take kafin ta tsaya da ƙafarta. In za ka rubuta, ka sa ƙaramar a ƙarƙashin uwarta, kada ka ce wai Keffi da Kano matsayinsu ɗaya a wurin Sarkin Musulmi. Su kansu manyan kowace da ƙofarta a fada, Kano da Zazzau ta hannun Waziri ake bi da al'amuransu, tun daga Waziri Giɗaɗo mijin Nana Asma'u.

Ƙanana biyu da zan taɓa a gurguje. Hausa Bakwai daban, masarautun daula daban, Gobir tana cikin bakwai ɗin amma ita aka fara yaƙa har Alkalawa ta faɗi a 1808, Bauchi da Adamawa kuwa ba su cikin bakwai ko kusa. Sannan cewa duk masu tuta Fulani ne shi ma kuskure ne, Malam Yakubu na Bauchi Bageri ne, almajirin Shehu tun yana yaro.

Tambaya ta uku, ta shekara, ita mutane suka fi tsallakewa, alhali biyayyar nan ba a tsaye take wuri guda ba. Haɗeja cikakkiyar masarautar gabas ce, amma Sarki Buhari ya juya wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba baya, ya fatattaki rundunar da aka tura masa, ya yi zamansa ba ya bin kowa har ya rasu a 1863. A Kano ma lokacin Basasa, 1893 zuwa 1895, Tukur Sakkwato ta naɗa amma Yusufawa abokan hamayyarsa suka yi rinjaye, daga baya dole aka karɓi jagoransu Alu a matsayin sarki. Don haka taswirar 1830 da ta 1860 da ta 1900 ba za su zo iri ɗaya ba, duk wanda ya turo maka taswira babu shekara a jiki ka tambaye shi ta yaushe ce.

Ƙanen nawa dai fensir mai launi muka saya a shagon bakin layi, muka zaɓi 1860 muka rubuta a sama da manyan lambobi. Sakkwato da nata muka bar su kore, Gwandu da nata shuɗi, Barno da masu binta ruwan ɗorawa, Argungu da Maraɗi da Tsibiri da Abuja da Ningi muka bar su fari. Da muka zo kan Haɗeja ya tsaya yana kallona, na ce masa ya ja mata layi-layi kore da fari, ya rubuta Buhari a gefe.