Zanen teku da kan sarki: inda hannu ya fi zamewa

In za ka haɗa hoton teku ta hanyar liƙa tsofaffin kan sarki, yawancin ɓarnar tun wurin jiƙo take farawa. Mutum ya tara tsofaffin ambulan, ya juye su gaba ɗaya cikin ruwan zafi don gam ya saki da wuri. Jan ambulan guda ya isa ya rine kwanon duka, farin da aka tanada don kumfar teku ya koma ruwan hoda. Ware masu launi gefe guda, ka yi amfani da ruwan ɗumi, ka bar kan sarkin ya saki da kansa. Na zamani masu manne kansu kuwa, da yawansu ruwa ba ya cire su, sai ka yanke su da takardarsu.

Kafin ka sa almakashi, duba abin da ke hannunka. Tun 1840 Ingila ta fara buga kan sarki, wani tsohon kan sarkin ya fi hoton da za ka haɗa tsada.

Amma kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar teku shuɗi ne kawai. Dubi zanen da Turner, wani mai zane ɗan Ingila, ya yi a 1839, mai suna The Fighting Temeraire: tsohon jirgin yaƙi fari kamar fatalwa, wani ɗan baƙin jirgi mai hayaƙi yana jan sa, rana tana faɗuwa. Ruwan nan akwai ja a cikinsa, akwai ruwan goro da toka-toka. In ka shimfiɗa shuɗi iri ɗaya, atamfa ka yi. Jera kan sarkinka daga mai haske zuwa mai duhu tukuna. Irin na Ingila masu hoton kan Sarauniya Elizabeth kaɗai, da aka fara fitarwa a 1967, sun fi daɗin wannan aikin, don kowanne launi ɗaya ne kuma launukan suna da yawa. Kana aiki kana ja da baya taku uku, domin daga nesa za a kalli hoton.

Wasu kan ɓoye hatimin gidan waya, wai datti ne. Layukan hatimin nan masu lanƙwasa ai igiyar ruwa ce ka samu a ɓagas, haƙoran gefen kan sarkin kuma kumfa. Kwantar da su a kwance.

Gam kaɗan, da ɗan buroshi, in ya yi yawa takardar ta yamutse. Ja layin da sama ta haɗu da teku da rula tun farko, ka fara liƙa sararin sama, sannan ruwa, jirgin ya zo ƙarshe. In ka gama, danne shi da littattafai masu nauyi ya kwana, kuma kada ka rataye shi inda rana ke bugu, launin zai koɗe.