Yadda ake zaɓen inda za a canja jirgi a doguwar tafiya daga Accra

Wanda zai tashi daga filin jirgin Accra zuwa Gwanzu ta Chaina sarin kaya, ko Jidda umara, ko Kanada wajen 'ya'yansa, galibi sai ya sauka a wani gari ya canja jirgi. Mutanenmu na Nima da Mamobi da Madina, da masu zuwa daga Aboabo a Kumasi, abin da suka fi tambayar ejan shi ne nawa ne kuɗin. Tambayar da ya kamata ta riga wannan ita ce ta ina za a bi. Na ga mutane da dama sun koma gida da akwatunansu daga bakin kanta, alhali bizarsu lafiya ƙalau, fasfonsu bai mutu ba. Hanyar da aka zaɓa musu ce ta kayar da su.

Fara da fasfon da ke hannunka, tun kafin ka dubi farashi. Tarayyar Turai na da jerin ƙasashe 12 da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar wucewa ko da ba za su fita daga cikin filin jirgi ba, kuma Ghana da Najeriya duk suna ciki. Idan tikitinka ya bi ta Amsterdam ko Faris ko Brussels ko Lisbon, zaman awa biyu a kujera ma sai da wannan biza. Ana ɗage wa mai bizar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, da mai bizar Amurka ko Kanada ko Japan da ba ta mutu ba. Saboda haka mai zuwa Toronto da bizar Kanada zai wuce ta Amsterdam babu matsala, amma ɗan kasuwar da bizar Chaina kaɗai ke cikin fasfonsa ba zai wuce ba. Ingila ma tana neman tata bizar wucewa daga mai fasfon Ghana, da nata sharuɗɗan ɗagewa. Amurka kuwa babu zancen wucewa kawai: in jirginka zai sauka New York ko Washington ka hau wani zuwa Kanada, sai kana da bizar Amurka.

Akwai tarko guda a nan da ko waɗanda suka saba tafiya ke faɗawa. Idan tikitin ya sauke ka sau biyu a cikin yankin Shengen, misali Lisbon sannan Frankfurt kafin ka fita, jirgin da ke tsakanin garuruwan biyu kamar na cikin gida yake. Dole ka bi ta hannun jami'an shige da fice, wato ka shiga Turai ke nan, kuma bizar Kanada ko ta Amurka ba za ta shigar da kai ba. Irin wannan tikitin shi ya fi araha a intanet. Na taɓa tsayawa a layi bayan wata Hajiya da ɗan ƙaninta ya saya mata irinsa a waya. An riga an naɗe akwatunanta biyu da leda, 'yan rakiya na waje suna jiran su ji ta shige. Ma'aikaciyar ta juya shafukan fasfon, ta sake juyawa, ta ce babu hali. Hajiya sai cewa take, "'Yata, duba da kyau, bizata ga ta nan." Bizar tana nan, amma ba ta garin da jirgin zai fara sauka ba ce. Kamfanin jirgi ba ya ɗaga ƙafa a kan wannan, domin shi ake ci tara in ya kai mutumin da ba shi da takarda.

Shi ya sa ni a wurina, mai fasfon Ghana da zai nufi Chaina ko Indiya ko Saudiyya ya bar Turai gaba ɗaya. Ethiopian na bi ta Adis Ababa, Emirates ta Dubai, Qatar Airways ta Doha, Turkish ta Istanbul, EgyptAir ta Alƙahira. A waɗannan filayen, muddin kana cikin ɓangaren masu wucewa kuma jirginka na gaba yana kan tikitin, ba a neman bizar ƙasar. Ga 'yan Gwanzu na fi son Adis Ababa: kusan awa shida daga Accra, filin Bole bai kai sauran girma ba, kuma da wuya ka rasa wanda ke jin Hausa a wurin jira. Mai umara ya duba Alƙahira ko Adis, domin ta Dubai sai ka wuce Saudiyya ka dawo baya.

Abu na gaba, tikiti ya zama guda ɗaya daga Accra har inda za ka, da lambar ajiya ɗaya. Wasu ejan na haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban don farashin ya sauko da dala ɗari ko makamancin haka, ba su kuma faɗa maka. Ka tambaya kai tsaye: "Kayana za su wuce da kansu, ko sai na karɓa a hanya?" In sai ka karɓa, to sai ka fita ta shige da fice, ka ɗauki kaya, ka sake yin awo, ga zancen biza ya dawo. Kuma in jirgin farko ya makara, kamfani na biyu babu ruwansa, kujerarka ta tafi da kuɗinka. Da tikiti ɗaya, su ke da alhakin sa ka a jirgin da ke biye. Rarar da aka yi maka ba ta kai rabin kuɗin sabon tikiti da za ka saya a tsaye cikin filin jirgin wata ƙasa ba.

Dubi sunan filin jirgin ma, ba sunan garin kaɗai ba. Istanbul na da filaye biyu, babban da ke ɓangaren Turai da Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya. Landan na da Heathrow da Gatwick, Faris na da Charles de Gaulle da Orly. In haruffa ukun da ke nuna filin saukarka a tikiti sun bambanta da na tashinka, mota za ka shiga tsakani, kuma wannan shiga ƙasa ne. Kada ka sayi wannan tikitin.

Sai tsawon jira. Ƙasa da awa biyu ban yarda da shi ba, ko kwamfuta ta ce ya isa. A Istanbul da Dubai awa uku nake so, saboda tafiyar ƙafa daga wata ƙofa zuwa wata kan ci minti ashirin ko fiye, ga layin bincike na biyu, kuma ana rufe ƙofar jirgi tun kafin lokacin da ke kan tikiti. In da tsoho ko mai ciwon ƙafa, a nemi keken guragu wajen kamfanin kwana biyu kafin tafiya. Kyauta ne, kuma mai tura keken ya san hanya. Jiran da ya wuce awa takwas kuwa, tambayi kamfanin ko yana ba da masauki. Ethiopian da Emirates da Turkish suna da wannan tsari, kowa da sharaɗinsa, amma a tabbatar tun kafin a biya kuɗi.

Lokacin da ke kan tikiti na garin da kake ne. Adis Ababa da Doha da Istanbul da Jidda sun riga Ghana da awa 3, Dubai da awa 4, Gwanzu da awa 8. Da ka sauka, gyara agogon hannunka da na filin. Jirgin da aka rubuta 00:30 ranar Laraba kuma, daren Talata ake zuwa masa.

Mutanen Kumasi, kada ku taso ranar tafiya da lissafin cewa motar safe za ta kawo ku da azahar. Hanyar ba ta da tabbas, musamman daga Nsawam zuwa cikin Accra. Jirgin cikin gida daga filin Prempeh na Kumasi ma galibi tikitinsa daban ne, in ya makara asararku ce. Ku kwana wajen 'yan'uwa a Accra.

A jakar hannu a sa fasfo, katin rigakafin shawara, magani, caja, da kaya sawu ɗaya. Fawa-banki ma a hannu yake tafiya, ba a cikin akwati ba. Shito da man kaɗanya da turaren da ya wuce mililita 100 su shiga babban akwati, in ba haka ba a kwandon shara za su ƙare. Ƙaramar takardar da ake manna maka bayan awon kaya, a ɗauki hotonta, da ita ake neman akwati in ya ɓata.

Da ka sauka, kada ka bi taron masu fita. Bi alamar masu canjin jirgi, ka wuce bincike, ka nemi lambar jirginka a allo domin ƙofa kan canja, ka je ka ga ƙofar da idonka. Bayan nan sai alwala da salla, akwai masallaci a Dubai da Doha da Istanbul, kuma matafiyi na da damar yin ƙasaru ya haɗa biyu. Shago da shayi su zo ƙarshe, in lokaci ya rage.