Yadda ortofonist daga Damagaram zai nemi aiki da biza a ƙasar waje

Ɗiyar yayana ta dawo daga Lome da takardar kammala karatun ortofoni, wato aikin gyaran magana da harshe. Ba ta cika wata biyu a gida ba wani mutum ya fara zarya a gidanmu na Birni, jaka a hammata, wai yana da hanyar Kanada. Jika ɗari takwas yake so, rabi yanzu, rabi in biza ta fito. Ya nuna mana wata takarda mai tambarin jan ganye a cikin wayarsa, yayana har ya fara lissafin shanun da zai kai kasuwa. Na ce a dakata, na yi wa mutumin tambaya guda: in yarinyar ta sauka, wace hukuma ce za ta ba ta izinin zama gaban marar lafiya? Ya ce wannan ƙaramin abu ne, in an je can a gyara. Shayin da muka zuba masa ma bai shanye ba.

Da ya fita ta ce mini, “Baffa, to ta ina ake farawa?” Amsar da muka yi watanni muna tattarawa ita ce zan shimfiɗa a nan. A wannan sana'a biza ita ce ƙarshen layi. Kafin ita akwai izinin aiki daga ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasar da kake so, kafin nan kuma akwai harshe da takardu. Wanda ya fara ta biza ya kama jaki ta wutsiya.

Mataki na farko: auna nauyin takardarka

Da yawa daga cikin ortofonist na ƙasashenmu masu Faransanci sun fito ne daga makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENAM a Lome, inda karatun yake shekara 3 bayan bak. Karatu ne mai kyau, kuma shi ya cike giɓi babba a yankinmu. Sai dai ƙasashen da ake rububin zuwa sun ɗaga sandar sama. A Faransa karatun ya koma shekara 5 tun 2013. A Kanada da Amurka mastar ake nema. Ke nan mai shekara 3 ya sa a ransa tun yanzu cewa za a ce ya ƙara karatu, ko wasu darussa da horon asibiti, ko mastar ɗungurungum. Gara ka san haka kana zaune a Damagaram da ka sani bayan kuɗin jirgi ya fita.

Mataki na biyu: zaɓi ƙasa da harshenka, ba da kuɗinta ba

Likitan ƙashi zai iya ɗaure karaya ko da Turancinsa na tafiya da sanda. Ortofonist ba shi da wannan sauƙi, don harshen shi ne kayan aikin. Yaro mai tsamin baki, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa kalmomi, saurayi mai in'ina, duk da kunne za ka fara aunarsu. In ba ka iya raba karin harshen gari da ainihin matsalar furuci ba, za ka ɗora wa lafiyayyen yaro ciwon da ba shi da shi. Mu da muke jin bambancin “kafa” da “ƙafa” ba tare da tunani ba mun san abin da baƙo ke sha kafin kunnensa ya kama.

Faransa ce zuciya ke fara zuwa, kuma ita ce ta fi wuya. Takardar ortofoni da aka samu a wajen Tarayyar Turai ba ta ba mutum damar aiki kai tsaye a can, hanyar da ta rage ita ce shiga makarantarsu a samu tasu takardar. Ga shi kuma ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun farkon 2024.

Amurka ba zan tsaya kanta ba. Ko da ƙofa a buɗe take, sai mastar, da sa'o'i 400 na horo, da jarrabawar Praxis, da makonni 36 na aiki ƙarƙashin kulawa kafin takardar ASHA, ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka, ga lasisin jiha, ga takardar VisaScreen ta tantance ma'aikatan lafiya baƙi. A watan Disamba na 2025 kuma gwamnatinsu ta saka Nijar cikin ƙasashen da ta hana wa shiga.

Ingila tana da tsari a fili: rajista da hukumar HCPC, sannan bizar ma'aikatan lafiya. Amma makin Turanci da suke nema ga wannan sana'a ya fi na sauran ma'aikatan lafiyar da hukumar ke yi wa rajista, 8.0 a jarrabawar IELTS, kuma kada wani ɓangare ya gaza 7.5. Mutumin Kano da ya yi karatunsa kaf da Turanci ma sai ya yi gumi. Sannan Nijar tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka dokar ɗaukar ma'aikata ta Ingila ta hana kamfanoni su zo farautar ma'aikata a nan. Kai da kanka kana iya neman gurbin da aka tallata. Wanda ya zo ya ce shi wakilin asibitocin Ingila ne a Damagaram, ka san inda za ka ajiye maganarsa.

Wanda ya yi nisa a Larabci, kuma garinmu ba ya rasa su, yana iya duba Saudiyya. Can ma sai an tantance takardu ta kamfanin DataFlow, an yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiyarsu, sannan asibiti ya ɗauki nauyin zama.

A ganina, ga mai Faransanci Kanada ce ƙofar da ta fi cancanta a ƙwanƙwasa, kuma a kanta sauran bayanin zai fi tsayawa.

Mataki na uku: haɗa dosiye tun ba a tambaye ka ba

A nan ne aka fi ɓata lokaci. Diplom kaɗai ba ta isa ba. Masu tantancewa suna so su ga takardar makin kowace shekara, da bayanin abin da aka koyar a kowane darasi tare da yawan sa'o'insa, da lissafin horon da ka yi a gaban marasa lafiya: sa'a nawa da yara, nawa da manya, nawa a matsalar murya, nawa a matsalar haɗiya, wa ya kula da kai, ina sa hannunsa. Ɗiyar yayana ta taho da diplom ɗinta a cikin leda mai kauri tana lallaɓawa, amma littafin horonta ta bar shi a ɗakin wata ƙawarta a Lome. Wata uku muka yi kafin ya iso, ya sha damshi, shafi biyu sun manne. Yawancin hukumomin kuma suna so makarantar ce za ta aika musu da takardun kai tsaye, ba ta hannunka ba, don haka kada ka yanke zumunci da ofishin makarantarka.

Fasfo ka yi shi da wuri, ka tabbata zai kai shekaru yana aiki, domin izinin aiki da hukumar shige da fice ke bayarwa ba ya wuce wa'adin fasfo. Ka duba rubutun sunanka harafi bayan harafi. Mu nan mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a bak, Mamane a diplom. A gida dariya ake yi, a can mutum uku ne. In akwai saɓani ka je kotu a gyara kafin ka aika da komai. Takardar kotu mai nuna ba ka da laifi kuwa ka bar ta sai ƙarshe, wata uku kawai take aiki.

Mataki na huɗu: yi aiki a gida, ka rubuta

Wannan ne matakin da masu gaggawa ke rainawa. Babu mai ɗaukar nauyin bizar wanda bai taɓa riƙe marar lafiya shi kaɗai ba. Aiki kuwa a nan ba ya ƙarewa. Yaran da cutar noma ta ci wa fuska, waɗanda cibiyar Sentinelles ke kula da su a nan Damagaram, da waɗanda aka ɗinke wa tsagewar leɓe da ganɗa a asibitin CURE na Yamai, bayan tiyata suna bukatar mai koya musu yadda iska za ta bi ta baki maimakon hanci. Ga yaran da sanƙarau ya taɓa wa ji. Ga waɗanda suka kai shekara huɗu ba su fara magana ba, aka kai su wajen wanzami ya yanke linzami, magana ba ta zo ba, uwa ta koma cewa iska ce. Nemi gurbi a asibiti, ko a wata ƙungiya, ko ka yi aikin bautar ƙasa a fannin. Sayi babban littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, shekarun marar lafiya, matsalarsa, abin da ka yi da abin da ya canza, ba tare da suna ba. Duk inda ka bari ka karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi a ranar, kada ka ce sai ka dawo.

Mataki na biyar: jarrabawar harshe

In zama na dindindin kake nema, Kanada ba ta karɓar “ai da Faransanci na yi karatu”. Sai sakamakon TEF Canada ko TCF Canada, kuma shekara 2 yake aiki, don haka kada ka rubuta da wuri ya mutu a hannunka. Kana jira kana sauraron rediyon Kebek, lardin Kanada mai Faransanci, ta intanet. Ranar farko za ka rantse ba Faransanci suke yi ba. Turanci ma kada ka ajiye shi, Kano ba ta da nisa, malamai ba su yi wuya ba.

Mataki na shida: izinin aiki

A Kanada kowane lardi da hukumarsa. A Kebek ita ce OOAQ, a Ontariyo CASLPO. Shiga shafinsu da kanka, karanta sashen waɗanda suka yi karatu a waje, biya kuɗin tantancewa gare su kai tsaye. Za su auna karatunka da mastar ɗinsu su gaya maka abin da ya rage. Larduna da dama a wajen Kebek suna neman jarrabawar shiga sana'a ta ƙasa. In an ce ka ƙara karatu, jami'o'in Montreal da Laval da Ottawa suna koyar da fannin da Faransanci, sai dai gurabe kaɗan ne, kuma wannan bizar karatu ce, kuɗinta daga aljihunka zai fito. Wasu kan fara da aikin mataimaki a ƙarƙashin ortofonist mai lasisi kafin su cike abin da ya rage. Ba abin kunya ba ne, amma albashin ya yi ƙasa, kuma ba za ka kira kanka da sunan sana'ar ba.

Mataki na bakwai: mai ɗaukar nauyi

Ɗaukar nauyin biza ba kaya ba ne da ake saye. Ma'anarsa ita ce asibiti ko hukumar makarantu ta ba ka aiki, ita ta je gaban gwamnatinta ta yi takardun. Hanyar da aka saba, mai aikin yana neman takardar EIMT, wadda ke nuna ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba. Kuɗinta dalar Kanada 1,000 ne, shi zai biya, kuma doka ta hana ya karɓa daga wajenka. A Kebek akan ƙara da takardar amincewar lardin, CAQ.

A wajen Kebek akwai tsarin Mobilité francophone, wanda ya ɗauke wa mai aiki wahalar EIMT in wanda zai ɗauka yana jin Faransanci kuma yana magana da shi a mataki na 5 na ma'aunin harshe na Kanada. Abin da zai yi kawai shi ne ya shigar da tayin aikin a shafin gwamnati, ya biya dala 230, ya turo maka lambar tayin. Ƙananan hukumomin makarantu da yawa ba su saba da tsarin ba, don haka ka ambace shi a wasiƙarka a layi ɗaya. Nemi gurabe a Guichet-Emplois, shafin neman aiki na gwamnatin Kanada, da shafukan hukumomin makarantun Faransanci na Ontariyo, Manitoba da Sabuwar Brunswik. Lambar sana'ar a jerin Kanada 31112 ce, da ita za ka yi bincike. Garuruwan nesa masu tsananin sanyi sun fi saurin amsa wasiƙa, kuma mutumin da ya saba da zafin watan Afrilu na Damagaram ya yi wa kansa wannan tambaya da gaske.

In an kira ka hira ta bidiyo, nemi wuri mai intanet tsayayye da batir a cike, kada wuta ta ɗauke kana tsakiyar bayani. Za su kawo maka misalin yaro su ce me za ka yi. A nan littafin nan naka zai yi rana.

Mataki na takwas: biza

Da lambar tayin aiki da takardar hukumar sana'a a hannu, sauran cike-cike ne a shafin hukumar shige da fice. Izinin aiki dala 155, ɗaukar yatsu da hoto dala 85, sai gwajin lafiya a wajen likitan da su suka amince da shi, wanda dole ne ga duk mai aiki da marasa lafiya ko yara. Farashi yakan canza, ka duba a ranar da za ka biya. Kada ka ɓoye cewa an taɓa hana ka biza a wata ƙasa, ƙarya a takarda tana jawo haramcin shekara 5. Ka kuma ware kuɗin mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, fiye da sau ɗaya.

Ɗiyar yayana tana mataki na huɗu har yanzu. Littafinta ya wuce rabi. Makon jiya ta shigo da murna, wai wani yaro ɗan shekara shida da aka ɗinke wa ganɗa ya hura ashana ta mutu a karon farko, uwarsa ta yi guɗa a cikin asibiti. Na tambaye ta labarin jarrabawar Faransancin, ta ce, “Baffa, sai bayan salla.” Shanun yayana suna nan a garke.