Babi na Shida: Haɗa Sifikoki Shida da Kwamfutar Gida

Darasi na 1: Ku san kayanku

A jikin kwalin sifikokin za ku ga an rubuta 5.1. Ana karanta shi "biyar ɗigo ɗaya". Biyar ɗin ƙananan sifikoki ne. Ɗayan kuma shi ne babban akwatin nan mai nauyi da ake kira wufa, mai fitar da kakkauran sautin da ake ji har a ƙirji. Ku fito da su duka, ku jera a kan tabarma, ku ƙirga. Shida ne. Kada ku jona wuta tukuna.

Ku juya kowace ƙaramar sifika ku duba bayanta. Akwai haruffa. L na nufin hagu, R na nufin dama. FL ta gaba ce ta hagu, FR ta gaba ce ta dama. Mai harafin C ta tsakiya ce, yawanci ita ce doguwar da ake kwantarwa. Na baya biyu suna ɗauke da RL da RR, a wasu kayan kuma SL da SR. In haruffa biyu suka rikita ku, ku dubi na ƙarshe kawai, shi ke faɗin ɓangaren. Ku yanki ƴan takardu, ku rubuta "hagu" ko "dama" da hannunku, ku manna wa kowace. Ba abin kunya ba ne, masu sana'ar ma suna yi.

Darasi na 2: Hagun wa, daman wa?

Nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu tafi sannu a hankali.

Ku ajiye kujerar da kuka saba zama a kai, ku zauna, ku fuskanci allon kwamfuta. Ku ɗaga hannun da ake cin abinci da shi. Wannan ɓangaren shi ne dama, ɗayan kuma hagu. Hagu da dama a wannan aiki na mutumin da ke zaune ne yana kallon allo. Ba na kwamfuta ba ne, ba kuma na wanda ya zagaya bayan tebur ba ne.

Abin da ke faruwa shi ne, mutum ya tashi ya juya baya zai ajiye sifikokin baya. Da ya juya, hannunsa na dama ya koma inda hagu take, sai ya ajiye RR a wurin RL. Maganin abin: kafin ku tashi daga kujera, ku ɗora hula ko ɗankwali a ƙasa ta ɓangaren dama. Duk sifikar da harafinta na ƙarshe R ne, ɓangaren hula za ta je, ko ta gaba ce ko ta baya. In kun rikice, ku koma ku zauna, ku kalli allo, ku sake ɗaga hannu. Ko sau goma ne, babu laifi.

Yanzu wurin ajiyewa. Ku ɗauka kuna zaune a tsakiyar fuskar agogo, allo yana kan ƙarfe 12. Ta tsakiya ta zauna a 12, saman allo ko ƙarƙashinsa. FL a ƙarfe 11, FR a ƙarfe 1. Na baya kuwa, RR tana kusa da ƙarfe 4, RL kusa da ƙarfe 8, wato a gefe suke, sun ɗan ja baya, ba daidai ƙeya ba. Na gaba su yi daidai da tsayin kunnenku in kuna zaune, na baya su ɗan ɗara. Kowace ta fuskanci kujera. Ku sami igiya, ku auna daga kujera zuwa FL, ku ƙulla, sannan ku auna FR da wannan ƙullin. Tazarar ta zama ɗaya. Haka za ku yi wa na baya biyu. Wufa kuma a ƙasa take zama, a gaba, ba cikin kabad ba.

Ku sake dubawa: mai R tana ɓangaren hula? Madalla.

Darasi na 3: Wayoyi

A irin waɗannan kaya, ƙananan sifikoki a bayan wufa ake jona su, kuma an rubuta haruffan nan a jikin kowane rami. FL a FL, RR a RR. In wayar mai tsirara ce, ku fere robar bakinta kamar santimita 1, ku murza zaren ya haɗu, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. In an juya su a sifika ɗaya, sauti zai fito amma ba kauri. In zaren ja ya taɓa na baƙi, na'urar cikin wufa tana iya ƙonewa.

Daga wufa zuwa kwamfuta wayoyi uku ne masu siririn baki. Kore na sifikokin gaba ne, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da wufa. A bayan kwamfuta kowane ya shiga rami mai launinsa. Ruwan hoda na makirfo ne, shuɗi na shigar da sauti ne, ku bar su. Ku tura kowane baki har ƙarshe sai kun ji ƙas. Wanda ya tsaya rabi, ɓangare ɗaya kawai zai yi magana.

Kwamfutar cinya mai rami ɗaya ba ta iya raba sauti gida shida ta wannan ramin. Sai an sayo ƙaramin akwatin sauti na USB mai 5.1.

Darasi na 4: Sanar da Windows

Kwamfuta ba ta san kun ƙara sifikoki ba sai kun gaya mata. Ku rage ƙarar wufa sosai, sannan ku jona wuta ku kunna. Ku danne maɓalli mai alamar Windows, ku taɓa harafin R. Ƙaramin akwati zai fito. Ku rubuta mmsys.cpl, babu tazara, ɗigo ɗaya a tsakiya, ku danna Enter. Ku taɓa inda aka rubuta Speakers sau ɗaya, sannan Configure a ƙasa ta hagu. Ku zaɓi 5.1 Surround. Zanen ɗaki zai fito da sifikoki shida.

Ku zauna a kujerarku. Ku taɓa zanen sifika ɗaya bayan ɗaya, kowace za ta yi ƙara. In kun taɓa ta baya ta hagu, ƙarar ta fito daga bayanku ta hagu. In ta fito ta dama, kun musanya su.

To jama'a, a nan sai an faɗi gaskiya. Kullum a aji sai an sami wanda ya tsallake Darasi na 2 wai abu ne na yara, ya tsaya a bayan tebur yana gwaji, sannan ya ce kayan jabu ne. Kayan lafiyarsu ƙalau. Ba a yin gwajin nan a tsaye, ba a yin sa ana juye. A zauna, a kalli allo, a ɗaga hannun dama. Wanda ya ƙi ajiye hula, shi zai kwance wayoyi ya sake daga farko, kuma ba wanda zai taya shi.

In komai ya yi daidai, ku danna Next. Inda aka rubuta Full-range, kada ku sa alama, domin ƙananan sifikoki ba sa ɗaukar kakkauran sauti, aikin wufa ne. Ku ci gaba har Finish.

Darasi na 5: Daidaita ƙara

Ku taɓa Speakers, sai Properties, sai Levels, sai Balance. Kowace sifika da lambarta, daga 0 zuwa 100. Ku saurara daga kujera. Wadda ta fi ƙara, ita ake ragewa, maki 5 a kowane karo, a sake gwadawa. Ta tsakiya ita ke ɗauke da maganar ƴan fim, kada ta dushe. Wufa kuma a murɗa ta sannu a hankali. Da tagogi sun fara rawa, an wuce gona da iri.

Darasi na 6: In abu ya ƙi

Na baya sun yi shiru a waƙa ko YouTube: yawancin waɗannan na sifika biyu ne, ba lalacewa ba ce. Ku gwada da fim mai alamar 5.1.

Sauti yana gunji: ku raba wayoyin sauti da na wuta, ku jona kwamfuta da wufa a soket ɗaya.

In an ɗauke wuta, a kashe wufa kafin a dawo da wutar.