Ɓera mara lafiya ba ya cin abinci: kurakuran masu gwajin magungunan maiƙo a kan safsis

Shekara shida ke nan ina ɗakin ɓeraye a nan Riyad, kuma duk sabon ɗalibin da ya zo, ɗan Kano ne ko ɗan Hausawan Makka, sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na rubuta. Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne duba ko magungunan rage maiƙon jini, irin su sitatin da fenofaibiret, za su taimaki dabbar da safsis ya kama, wato yanayin da jiki ke lalata gaɓoɓinsa garin faɗa da ƙwayoyin cuta.

Bari in fara da kuskuren da ya ci mini wata huɗu. Fenofaibiret ba ya narkewa a ruwa, saboda haka na gauraya shi cikin abincin ɓerayen kamar yadda na ga ana yi. Na yi musu tiyatar ɗaure-da-huda, wadda Wichterman da abokan aikinsa suka bayyana a 1980: a ɗaure jakar da ke farkon babban hanji, a huda ta da allura, kashi ya tsiyaya cikin ciki. Na bar musu abincin mai magani, na koma ina jiran sakamako. Kwana biyu da tiyata mai share keji, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya ce da ni, "Malam, abincin nan fa ba wanda ya taɓa shi." Wallahi sai da na nemi kujera. Ɓeran da safsis ya kama ƙudundunewa yake yi a lungu, ya ƙi ci. Ke nan wanda ya fi jin jiki shi ne bai samu maganin ba, mai dama-dama kuwa ya ci, ni kuma ina shirin cewa magani ne ya raya shi. Aikin baban giwa. Tun daga ranar ɗura nake yi musu ɗaya bayan ɗaya da hannuna, kuma ina auna ragowar abinci kowace safiya. Wasu sun fi son allura. Ni dai ɗura na saba.

Na biyu shi ne ya fi ƙona mini rai, domin masu yin sa sun sani. Ka ba ɓera sitatin kwanaki kafin tiyata, ya rayu, ka rubuta "magani". Haba ɗan'uwa! Rigakafi ka gwada. Wane majiyyaci ne ke zuwa asibiti tun kafin ya kamu? Gaskiya ne a 2004 masu bincike a Jamus sun nuna simbasitatin da aka bayar kafin tiyata ya tsawaita ran ɓeraye. Amma a 2014 da aka gwada rosubasitatin a Amurka kan mutum 745 da safsis ya taɓa huhunsu, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, har aka dakatar da gwajin. In magani kake nema, jira sai ɓeran ya fara sanyi, gashinsa ya tashi. Ni sai bayan awa shida nake farawa, tare da ƙarin ruwa da antibayotik da maganin kashe raɗaɗi, domin babu likitan da zai ba mai safsis sitatin tsuransa.

Kada ka auna kolestarol ɗin ɓera ka ga bai sauka ba ka ce magani bai yi aiki ba. Ɓera a HDL, wato nau'in da ake kira kolestarol mai kyau, yake ɗauke da yawancin nasa, ba shi da furotin CETP irin namu mai kwashe kolestarol daga HDL, kuma sitatin ba ya sauke masa shi sosai. Kumburi da ƙoda da hanta za ka duba. Fenofaibiret kuwa akasin haka ne: hantar ɓera ta fi tamu amsa masa nesa ba kusa ba, har girma take yi, don haka rage murna.

In da man zaitun ka narka magani, rukunin kwatance ma, wato ɓerayen da ba a ba magani ba, a ɗura musu man. Maiƙo kake bincike a kai, sannan ka ba rabi mai, ka hana rabi?

Allurar LPS da wasu ke yi wa ɓera a madadin tiyata guba ce ta bangon ƙwayar cuta, babu ƙwaya mai rai a ciki, kada ka kira ta safsis. Allurar huda hanji kuma ta zama kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, tsawon ɗauri ma haka, kuma hannu ɗaya ya yi tiyatar.

Sai esi, na'urar sanyaya ɗaki. Da zafin Riyad ya kai digiri 45, kowa ya shigo sai ya ƙure shi. Ɓera yana sakewa ne a wajen digiri 30, mai safsis kuwa jikinsa sanyi yake yi, ga shi a sanyi kitse yake ƙonawa, abin da kake aunawa ke nan. Na sa musu shimfiɗa mai ɗumi bayan tiyata, rimot ɗin kuma yana aljihuna.