Atisayen Ƙwallon Ƙafa na Tebur: Ɗaure Sandunan Abokin Karawa, Ka Koyi Bugu Kai Kaɗai

Duk inda aka girke teburin nan a Katsina, ko a rumfar wasa ko a bakin gidan kallon ƙwallo, ba za ka rasa matashin da ya shekara biyu yana bugawa ba, amma iyakar gwanintarsa ya murza sanda da tafin hannu ta yi ta juyi kamar fanka. Wasan da maƙwabtanmu na Maraɗi ke kira bebi-fut ba haka ake yin sa ba. A dokar hukumar wasan ta duniya, ITSF, wadda aka kafa a 2002 kuma ofishinta ke birnin Nant na Faransa, laifi ne ɗan wasan da ke jikin sanda ya juya ya zarce digiri 360 kafin ya taɓa ƙwallo ko bayan ya taɓa ta. Kuma karawa kaɗai ba ta gyara hannu. A wasa guda na ci biyar, sau nawa ƙwallo za ta tsaya maka a sandar gaba? Amma in ka keɓe rabin awa kai kaɗai, sai ka maimaita bugu iri ɗaya sau ɗari.

Sanduna takwas ne a tebur, huɗu naka: gola, 'yan baya biyu, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku. Teburin Tornado na Amurka ya bambanta, don mutum uku ne a sandar golansa. Hagunka ke riƙe sandar biyar, damarka ke riƙe sandar uku. Ka riƙe wannan, don hagun nan ita ce gurguwar yawancin masu wasa.

Gyara teburin tukuna

Ajiye ƙwallo a tsakiyar fili ka sake ta. In ta gangara da kanta, teburin ya karkace, duk abin da ka koya a kansa kuwa ba zai bi ka wani tebur ba. Ari ma'aunin ruwa na magina, ka auna tsawo da faɗi, ka cusa yankan kwali ko siririn katako ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa.

Sai maganar ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya kankama, kwana ɗaya ya isa sanda ta fara ƙugi a cikin zoben da take zamewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa mata man inji, ko giris, ko ma man gyaɗa. Yau za ta yi sulɓi, jibi man ya sha ƙura ya zama kwaɓa mai cin zoben, ya kuma ɗiga a fili ƙwallo ta riƙa kuɓucewa. Goge sandar da busasshen tsumma, ka ɗiga man silikon ɗigo biyu a kowane gefe kusa da zobe, ka tura ka ja sau goma. Fili kuwa tsumma mai ɗan laima ya ishe shi. In an tashi a rufe teburin da zane, kada kuma a bar shi a ranar bazara, don katakon yana banƙarewa. Kada kowa ya jingina da sanda, in ta lanƙwashe gyaranta da wuya.

Kayan atisaye

Babu abin da sai ka yi oda daga waje. Tsohon tub na keke daga wurin mai faci, a yanka shi zobe-zobe masu faɗin yatsa biyu. Ƙwallaye goma iri ɗaya a cikin kwano, don kada ka riƙa sunkuyawa bayan kowane bugu. Guntun soson katifa da za ka toshe bakin raga da shi, ƙwallo ta riƙa dawowa fili. Alli ko farin salatif na yin alama, waya mai kyamara, da ƙaramin littafi.

Robar tub ita ce abokin karawarka. Ka ja sandar wancan ɓangare zuwa inda kake so, 'yan wasanta a tsaye ƙafa ƙasa, sannan ka naɗa roba a jikin sandar daf da bangon tebur ta waje, gefe da gefe, har ta ƙi motsi. In tana juyawa idan ƙwallo ta buge ta, ɗaure mariƙinta da na sandar da ke kusa da wata robar. Yanzu kana da mai tsaron da ba ya gajiya, ba ya kuma cewa a yi sauri ana jiran layi. Ragowar tub ɗin ka tsaga shi dogo ka naɗe mariƙinka, saboda gumin hannu.

Mallakar ƙwallo

Ɗaga duk sandunan abokin karawa su kwanta, fili ya zama naka. A sandar biyar, riƙa miƙa ƙwallo daga ɗan wasa zuwa na kusa da shi da gefen ƙafa, ta je ta dawo, kas-kas-kas. Ka ƙirga sau nawa ta taɓu kafin ta gudu. Mai farawa ba ya wuce biyar ko shida da hagu. Nemi ashirin, daga nan hamsin. In tana yawan tserewa gaba, ƙafar ɗan wasanka ta koma baya da yawa. In tana shigewa baya, akasin haka ne. Ƙwallon ta zauna ƙarƙashin sanda sak, riƙonka kuma ya zama sako-sako kamar wanda ya riƙe ɗanyen ƙwai. Mai matse mariƙi ba ya jin ƙwallo a hannunsa.

Fasin daga biyar zuwa uku

A nan ake cin wasa, a nan kuma ya kamata rabin lokacinka ya ƙare. Wanda ya iya ratsa tsakiya shi ke samun damar bugu, wanda bai iya ba kuwa, ko bugunsa ya kai harsashi, kallo zai yi.

Hanyoyi biyu ne a gefenka. Akwai ta bango, wato ƙwallo ta bi jikin bangon da ke kusa da kai. Akwai ta lungu, tsakanin ɗan wasa na ɗaya da na biyu a sandar biyar ta abokin karawa. Fara da ta bango. Ɗaure sandarsa ta biyar nesa da bango da faɗin ƙwallo biyu. Jawo sandarka ta uku har ta manne da bango, ka karkata ƙafar ɗan wasan gaba wajen ragar abokin karawa kamar digiri 30 zuwa 45. Da ɗan wasanka na biyu a sandar biyar ka turo ƙwallo a hankali wajen bango, kafin ta iso ka share ta gaba da ɗan wasanka na ɗaya, hannunka na jawo sandar wajen kanka a lokacin da ƙafa ta taɓa ta. Wannan sharar ce ke sa ƙwallo ta lafe da bango maimakon ta yi tsalle ta bar shi.

Abin da ke ɓatawa iri uku ne. In ƙwallo ta bugi mai karɓa ta dawo, ko dai ƙafarsa ta miƙe tsaye, ko damarka ta ƙanƙame mariƙi. Sassauta, ka bar ƙafar ta ɗan bi ƙwallon gaba. In ta wuce ta ƙarƙashinsa, ƙafar ta ɗagu da yawa. In kuma ta bugi bango ta fanɗare tsakiya, bugunta ka yi, ba shara ba.

Yi goma-goma kana rubutawa. Sai ka samu takwas cikin goma sau uku a jere, sannan ka matso da sandar da ka ɗaure, ratar ta koma ƙwallo ɗaya da rabi, daga baya ƙwallo ɗaya da ɗan ƙari. Bayan nan manna ta da bango ka koyi ta lungu, inda za ka share ƙwallon tana nisantar bango, mai karɓa kuma ya matsa ya tarbe ta. Sirrin shi ne duka biyun su tashi daga wuri ɗaya da motsi iri ɗaya, yadda mai tsaro ba zai gane inda ka nufa ba. Sa alamar alli a kan bango daidai inda kake sakin ƙwallo, ka tilasta wa kanka sakin duka biyun daga nan.

Dokoki biyu ka saba da su tun yanzu. Ba a miƙa tsayayyar ƙwallo kai tsaye daga biyar zuwa uku, sai tana tafiya. Kuma daƙiƙa 10 gare ka a sandar biyar, 15 a sauran. Kunna agogon waya ka ji yadda daƙiƙa goma take. Ta fi yadda kake zato tsawo, masu gaggawa su ke zubar da ƙwallo a banza.

Bugu ɗaya, ba biyar ba

Zaɓi bugu guda ka zauna a kansa wata uku. A teburan da kafinta da mai walda suka haɗa, masu santsin fili da ƙwallon roba mai tauri, bugun ja ya fi dacewa. Tura sandar uku can nesa, ƙwallo na jingine da gefen ɗan wasan tsakiya ta ɓangarenka. Ka fizgo ta wajenka, ƙafar ta zagaya bayanta, ka karya wuyan hannu ka buga. Raba bakin raga uku da salatif: na nesa, na tsakiya, na kusa da kai. Ɗaure gola da ɗan baya ɗaya su rufe biyu, ka nemi na ukun sau ashirin, sannan ka sauya. In ƙwallo na fita a karkace tana cin gefen raga, ƙafar ba ta gama shiga bayanta ba ka buga. Maganinsa, a daidai lokacin bugu ka ɗan mayar da sandar inda ta fito. Jingina waya a ƙarshen tebur ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, za ka ga kuskuren da idonka, har da ɗaga kafaɗar da kake yi kafin bugu, wadda ke tona maka asiri.

Bugun maciji, wanda ake danne ƙwallo da ƙafar ɗan tsakiya, a ɗora wuyan hannu kan mariƙi a mirgino shi har yatsu su tare, halal ne a doka muddin bai zarce zagaye ɗaya ba. Amma yana son ƙwallo mai kamu da fili marar santsi. In teburinku ba haka yake ba, kada ka wahalar da kanka.

Tsaro ba a koyon sa kai kaɗai. Samu aboki ya buga ashirin kana tarewa, ku yi musanya. Kada gola ya ɓuya a bayan ɗan baya, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ratar tsakaninsu ba ta kai ƙwallo ɗaya ba, kana sauya musu wuri ba bisa kiɗa ɗaya ba.

Minti arba'in tsakanin la'asar da magariba sun isa: biyar na mallakar ƙwallo, ashirin na fasin, goma sha biyar na bugu. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya, don haka kwana biyar a mako sun fi awa huɗu ranar Lahadi. In wuyan hannu ya fara zogi ka tsaya, gajiyayyen hannu kuskure yake haddacewa. Kowane mako biyu ka je wani teburin daban a wata unguwa ka gwada lissafinka. In takwas ɗinka ta koma huɗu a can, duba ƙwallonsu da santsin filinsu, ka nemo irin ƙwallon ka zuba biyu a cikin kwanonka.